Sodangi da Mutanen Sahun Gaba

A Bagudo in ka ce Sodangi, ba sai ka ƙara da sunan uba ba. Ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar fasinja daga gari zuwa bakin iyakar Benin, amma in ka ji shi a tasha yana ba da labarin kansa, sai ka ɗauka taimakon babur ɗin yake yi da ya yarda ya hau shi. Ya taɓa cewa shi makaniki ne, injin niƙan da ya kwance wa maƙwabciyarsa har yau yana cikin buhu. Ya taɓa cewa a iyo babu na biyunsa, sai da masunta suka tsamo shi da taru yana aman ruwa. Duk da haka bai taɓa yarda ya gaza ba. Injin ne tsoho, kogin ne ya yi masa shigar sauri.

Abu ɗaya na kirki da ya taɓa samun Sodangi shi ne Munawwara. Bazawara ce mai hankali, tana sayar da bandar kifi a kasuwar Lolo, gidansu kuwa yana wani ƙauyen masunta a tsallaken iyaka. Abin da ta gani a jikinsa, Allah kaɗai ya bar wa kansa sani. Amma tana sonsa, shi ma yana sonta tsakani da Allah, magana ta yi nisa, an kai gaisuwa, sa rana kawai ya rage.

Mahaifinta, Baba Ma'azu, sau ɗaya Sodangi ya je gaishe shi. Kowa ya san yadda gaisuwar suruki take a wajenmu: tun daga nesa za ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka kafa ido a ƙasa, ba ka ɗago kai ba har ka fita. To Sodangi da yake komai sai ya yi fiye da kowa, da rarrafe ya shiga zauren, da baya ya fito. Bai ga fuskar tsohon ba ko kaɗan. Ƙafafunsa kawai ya gani: jan takalmin fata, an ɗinke maɗaurin na hagu da koren zaren taru, babban yatsan kuma babu farce. Da ya dawo gida har yana yi wa yayarsa Bilki alfahari.

"Yaya, kunya irin wadda niy yi yau, ba a taɓa yin ta ba tun da anka kahwa garin ga."

"Allah shi sa ta ɗore," in ji Bilki, ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

Ana nan, wata rana da hantsi ruwan sama ya kora shi cikin gidan kallon Mudassiru. Rumfar kwano ce da bencina, inda samari suke kallon ƙwallo. Ranar babu wasa, sai Mudassiru ya sa wani fim na Turawa, labarin masu sana'ar ba da dariya. Ba a fassara shi ba. Mudassiru ne ke fassarawa in ya ga dama, in bai ga dama ba ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Sodangi ya zauna yana tsane jiki, can sai ya manta da jiƙewar. Ga wani mutum sanye da kwat, shi kaɗai a kan dandali, ba ganga, ba garaya, ba 'yan amshi. Magana kawai yake yi. Ya nuna wani mai ƙiba a sahun gaba ya faɗi wani abu, ɗaki ya kece da dariya, har da mai ƙibar. Ya juya kan wani mai sanƙo, aka sake rushewa, har mata suna share hawaye.

"Mudassiru, mi yac ce mai?"

"Ya ce kan nasa ya yi kama da ƙwarya."

"Kuma ba a mare shi ba?"

"Biyan shi ma aka yi."

Sodangi ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Daidai nan janareto ya yi tari ya mutu, man ya ƙare.

"Ka dawo gobe ka ga sauran," in ji Mudassiru. "Fim ɗin ga ba duka na dariya ba ne. Gaba akwai kuka."

"Sauran mi? Ni na gane sana'a tun ga hwarko. Kwat, lasifika, sannan ka hwaɗa ma na sahun gaba. Shi ke nan! Ashe shekara da shekaru ina zaune kan arziki ina goya mutane da buhunan albasa."

Da ya kai wa Bilki labari, ajiye muciya ta yi ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Sodangi, wasa na da masu shi. Kana da taubasai, ka je ka yi musu. Kana da kaka, ka je ka ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta jefe ka da ludayi. Amma ka tsaya gaban mutumin da ba abokin wasanka ba ka ce kansa ƙwarya? Nan Bagudo?"

"Wannan tsohon yayi na, Yaya. Yanzu duniya ta waye. Kowa abokin wasan kowa na."

"To. Ka bar min makullin ɗakinka, in an kwantar da kai asibiti in riƙa ba kajinka ruwa."

Bai ji ba, dama yaushe ya taɓa ji? Ya je wajen masu gwanjo ya zaɓo wata baƙar kwat ta ƙasar sanyi, mai kauri kamar bargo, hannuwanta sun wuce yatsunsa. Ya fara gwaji a kan fasinja. Wata Hajiya mai jiki ta hau bayansa, suna cikin tafiya ya waiwaya ya ce, "Hajiya, ke ɗaya ta ko kun yi taro?" Ya jira dariya. Abin da ya zo shi ne raken da ke hannunta a tsakiyar baya, babur ya yi cikin gonar shinkafa, aka fito da shi da taɓo har kunne. A tasha ya ce wa abokan aikinsa matar ta gane wasan sarai, dariya ce ta sa hannunta ya kuɓuce.

Lasifika kuwa aronta ya yi wajen wani mai maganin gargajiya da ke jinya a gida. Irin ta hannu ce, mai batir, wadda ake naɗar murya a ciki ta yi ta maimaitawa. Mai ita ya ja masa kunne kada ya taɓa jan maɓalli. Ranar kasuwar Lolo, Sodangi ya hau kan wani turmi kusa da 'yan kifi, ya gyara kwat, ya ce a ransa ai jan maɓalli shi ne na ƙara murya, rowa ce kawai irin ta masu magani. Ya danna.

"Basir! Basir mai tsiro, basir mai jini, basir na zaune! Matso kusa, bawan Allah, ka daina wahala a ɓoye!"

Kafin ya gano yadda ake kashewa, dattawa sun kewaye turmin, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Wani ya ja shi gefe yana kwatanta masa yadda nasa yake yi in ya ci barkono. Da suka gane ba magani a jakarsa, sai zagi, wani ma ya ce a kira 'yan banga. Munawwara ce ta ratso taron ta janye shi bayan rumfarta.

"Sodangi, wanga wane irin abu na? Ka ga yadda kake zuhwa? Tuɓe bargon ga."

"Kayan aiki na. Ke dai ki jira, za ki zama matar shahararre."

"Ni matar mai hankali nika son zama. Ka saurara da kyau. Baba na nan tahe ran Lahadi don sa rana. Don Allah, don Annabi, ka kama kanka har a gama."

"Lahadi? Ai kahin nan sunana ya riga shi isowa. Ran Asabar akwai walimar Alhaji Haliru."

Alhaji Haliru babban dillalin kifi ne, yana aurar da ɗansa. Sodangi ya yi ta yi masa sintiri har ya gaji ya ce to, tun da yana da lasifika, ya zo ya riƙa faɗin sunayen manyan baƙi, in yaro ya ɓace kuma ya yi cigiya. Iyakar abin da aka ce masa ke nan. Shi kuwa ya zagaye gari yana shelar an ɗauko shi musamman ya ba da dariya irin ta ƙasashen waje.

Abu ɗaya ya dame shi. Ya lura a fim ɗin in mutum ɗaya ya fara dariya sai sauran su bi. Don haka ya nemo Ɗanjuma, wani ƙaton mai dako da dariyarsa ke tayar da tantabaru daga kan rufi, ya yi masa alkawarin goyo kyauta har ƙarshen damina.

"Duk sa'ad da kag ga na taɓa hulata, ka saki dariya."

"Ko ba abin dariya?"

"Kai dai dubi hula."

Ranar Asabar bayan la'asar aka cika ƙofar gidan Alhaji Haliru. An kafa rumfuna, mata a gefe guda, samari a baya a tsaitsaye. Sahun gaba kuwa, wa ake sawa a sahun gaba a Bagudo? A fim ɗin samari ne da 'yan mata masu neman nishaɗi. A nan liman ne, da mai unguwa, da sarkin fawa, da dattawan baƙi waɗanda in sun yi tari ake cewa sannu. Ko jariri ya san haka. Sodangi ya dube su ya lashe baki, ya ce yau ga nama.

Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Zufa ta riga ta jiƙa Sodangi a cikin kwat, hular ta zamo masa kan gira, ya kai hannu ya gyara. Daga tsakiyar taro Ɗanjuma ya kwashe da wata irin dariya har yana buga cinya. Addu'a ta tsaya cak. Wani ya ɗauke shi da mari, aka tura shi can baya kusa da tukwane yana rantsuwa aikinsa yake yi.

Da aka shafa, Alhaji Haliru ya yi wa Sodangi alama ya faɗi sunayen baƙi. Sodangi ya yi tsalle ya haye kan benci.

"Jama'ar Bagudo, kuna lahiya? Ban ji ba! Kuna lahiya?"

"Lahiya lau," in ji wata tsohuwa ita kaɗai, don ta ɗauka gaisuwa ce ta gaske.

Ya fara da mai unguwa. Ya ce tumbinsa ne ke fara isa wajen rabon gado kafin shi ya iso. Shiru. Ya taɓa hula, dariyar Ɗanjuma ta taso daga wajen tukwane ita kaɗai, ta yi yawo a kan taron ta koma. Mai unguwa ya juya ya tambayi na kusa da shi ɗan gidan wa ne wannan. Ya koma kan sarkin fawa, ya ce ƙudajen mahauta sun rako shi biki, a ba su tabarma. Yaran sarkin fawa suka miƙe a baya, sai da ubangidansu ya ɗaga musu hannu suka zauna. Alhaji Haliru yana ta yi masa nuni da ya sauko, shi kuwa ya ɗauka cewa ake ya ƙara wuta.

Sai idonsa ya faɗa kan wani tsoho baƙo a gefen Alhaji. Siriri ne, sanye da riga da wando na atamfa irin ta mutanen tsallake, ga wata faffaɗar malfa a kansa, haƙoransa na gaba kuma babu. Yana zaune abinsa yana jan carbi. Sodangi ya ji daɗi har cikin ransa. Baƙo ne, ba shi da yara a baya, ba wanda zai tsaya masa.

"Jama'a, wa ya zo da lema tana tahiya da ƙahwa? Baba, wagga malhwa ta ko rufin rumbu? In anka yi ruwa, unguwa guda na iya hwakewa!"

A ɓangaren mata Bilki ta miƙe tana kaɗa mayafi da hannu biyu kamar mai korar tsuntsaye daga gero.

"Kun gani? Yayata ma ta yarda yau! Zauna, Yaya, yanzu anka hwara." Ya juyo kan tsohon. "Baba, yi muna murmushi. A'a, rufe, rufe! Wagga ƙohwa ko iyakar ƙasa ba ta kai ta hwaɗi ba, babur na wucewa da kaya! In an kawo nama a ba Baba romo, kada a ɗauki alhaki."

Wata mata ta yi salati da ƙarfi. Kusa da Bilki, wata ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, Sodangi bai tsaya ya ga ko wace ce ba. Tsohon kuwa carbinsa kawai yake ja. Sodangi ya tuna a fim ɗin mai kwat ya sunkuya ya yi wa takalmin wani ba'a, nan ne ma aka fi dariya. Ya diro daga benci.

"Ku tsaya, jama'a! Mun ga sama, bari in duba muku ƙasa. Baba, miƙo ƙahwa mu ga abin da ka taka ka zo bikin manya!"

Ya sunkuya da lasifika a baki. Jan takalmin fata. Maɗaurin na hagu an ɗinke shi da koren zaren taru. Babban yatsa babu farce.

Sodangi ya daɗe a sunkuye. Ya ƙura wa ƙafar ido ko za ta canza, ba ta canza ba. Sai ya durƙusa, daidai yadda ya durƙusa a zauren nan na tsallake. Garin haka yatsansa ya sauka kan jan maɓalli.

"Basir! Basir mai tsiro, basir mai jini! Matso kusa, bawan Allah!"

Ya jefar da lasifikar ya ɗora hannu biyu a ka. Ɗanjuma ya hango hannu a kan hula, har biyu, ya tattara iyakar ƙarfinsa ya saki dariyar da ta sa awakin gidan suka tsinke igiya.

Baba Ma'azu ya sa carbinsa a aljihu, ya ɗauki lasifikar ya miƙa wa Alhaji Haliru ya kashe. Bai buƙace ta ba, don ko numfashin mutane ana ji.

"Alhaji, kai kac ce in riga zowa da kwana guda in ci bikin ɗanka, mun daɗe muna ciniki tare. Na gode, na ko ci." Ya dubi Sodangi. "Yaron ga ya zo gidana. Da rarrahe ya shigo, da baya ya hita, bai ce komi ba. Nic ce ma ɗiyata, kin samu mai kunya, irinsu sun yi wuya. Ashe ba kunya ba ce. Batir ne ba a sa mai ba."

Nan ne aka yi dariya. Dariya ta gaske, wadda Sodangi ya sayi kwat ya faɗa gonar shinkafa saboda ita. Mai unguwa har tumbinsa na rawa, sarkin fawa yana share hawaye da hannun riga, liman ma ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna motsi. Ɗanjuma kaɗai ne bai yi ba, don ba a taɓa hula ba.

"Baba, wallahi ban san kai ba ne," in ji Sodangi, bakinsa a ƙasa. "Ƙahwahunka kaɗai nis sani."

"Da wani tsoho ne ba ni ba, da daidai ke nan?" Tsohon ya gyara malfarsa. "Ni sa rana ta kawo ni. Amma ɗiyata ba yarinya ba ce, ga ta nan. Munawwara, ke ka zama da shi, ba ni ba. Mi kic ce?"

Matar da ta rufe fuska ta yaye mayafin ta taso. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"Sodangi, haƙoran da kaka ma dariya, ina ƙarama jirginmu ya kihe tsakiyar gulbi. Baba ya nutsa ya ciro ni, bakin jirgi ya buge shi. Nan ya bar su." Ta karɓi jakar tsohon ta rataya. "Baba, mu tahi tun da sauran rana."

Ba wanda ya sake yin dariya. Aka buɗe musu hanya suka wuce, wani ɗan kabu-kabu daga tashar su Sodangi ya ɗauki uban, wani ya ɗauki 'yar. Bilki ta zo ta tsaya a kan ƙanenta, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga hawaye na ɗiga a kan kwat ɗin gwanjo, ta fasa. Ta kama hannun rigar da ya wuce yatsu ta ja shi gida.

Ya yi kwanaki bai fito ba. Aka aiko da kayan gaisuwarsa daga tsallake a ɗaure yadda aka kai su. Ranar da ya fito, bai je tasha ba, don tun daga nesa yara suke kiran basir. Gidan kallon Mudassiru ya nufa, ya same shi yana shara, ya zauna a ƙarshen benci kamar marar lafiya.

"Mudassiru, fim ɗin nan. Mai kwat ɗin nan. Yaya ta ƙare da shi?"

Mudassiru ya jingine tsintsiya. "Ai na ce ka dawo ka gani. Bakinsa ne ya ja masa. Ya yi ta yi wa mutane ba'a har ya kai kan dangin matarsa. Ta kwashe kayanta ta tahi, aka bar shi shi kaɗai cikin ɗaki yana kuka."

Sodangi ya sunkuyar da kai. Can sai ya ɗago a hankali, ya share ido da bayan hannu, ya gyara zaman hula.

"To ka gani! Rabin fim kaɗai nik kalla, amma ko wuri guda ban kuskure ba."